Mama, ban san ranar da na zama Kirista ba

Wasiƙar wannan mako daga wata budurwa ta fito, mazauniyar Zariya. Ta roƙa a sakaya sunanta, ni kuma na taƙaita abin da ta rubuto.

"Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Shekaruna 27. A gidan masu bi aka haife ni, kakana ma mai bi ne. An yi mini baftisma a cocin Angilika ina da wata 3, Bishop ya ɗora mini hannu a tabbatarwa ina da shekara 14. Tun ina makarantar Lahadi ban tuna wani lokaci da ban ba da gaskiya ga Yesu ba. Duk da haka sau 4 ina fita gaba a taron farkaswa, biyu a sakandare, ɗaya a jami'a, ɗaya ina bautar ƙasa, kullum ina tsoron ko na baya bai karɓu ba. Yanzu aure zan yi. Kwamitin aure na cocin su saurayina suka tambaye ni yaushe na karɓi Yesu. Kunya ta rufe ni, sai na ba su ranar taron nan na jami'a, na ƙara da labarin kuka da canjin hali wanda bai faru haka ba. Suka ji daɗi, suka rubuta. Daga nan suka ce tunda a ranar na sami ceto, baftismar da aka yi mini ina jaririya ba ta cikin lissafi, sai an nutsar da ni a ruwa. Da babana ya ji, ya ce in na yarda da haka na mai da alkawarin da shi da mahaifiyata suka ɗauka a gaban bagadi wasan yara. Barci ya ƙaurace mini. Mama, ni Kirista ce kuwa? In ni ce, tun yaushe?"

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki har sau 3 kafin na ɗauki alƙalami, domin abin da ya hana ki barci ya taɓa hana mutane da yawa da na sani, cikinsu har da matan fastoci. Kin haɗa abu uku a ƙullin zane ɗaya: tsoron ko ke ta Yesu ce, ƙaryar da kika faɗa wa kwamiti, da rigimar baftisma. Dole a kwance su ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba kowanne zai yi ta ƙara wa ɗan'uwansa nauyi.

Bari in fara da gidanmu. Mahaifina Bamaguje ne. Ya san ranar da ya tuba kamar yadda ya san sunansa. Yakan ce ranar kasuwa ce, bayan an gama girbin dawa, ya tattaro layu da guraye da duk abin da yake ajiye a ƙarƙashin rumbu, ya ƙone su a gaban 'yan'uwansa, kuma daga ranar wasu cikinsu suka daina cin tuwo kwano ɗaya da shi. Duk lokacin da ya ba da wannan shaida sai ya share hawaye. Mahaifiyata kuwa a hannun wata gwaggonta mai bi ta tashi. In an tambaye ta yaushe ta karɓi Yesu, sai ta ce ita dai ta buɗe ido ta gan ta a hannunsa. Na zauna da su biyun shekaru masu yawa, na ga yadda kowannensu ya bi da talauci da ciwo da mutuwar 'ya'ya, na kuma tsaya a bakin gadon kowannensu a ranar ƙarshe. Ban ga inda bangaskiyar mai kwanan wata ta fi ta marar kwanan wata nauyi ba. Sunan da ke bakin wannan, shi ne a bakin wancan.

Kin san kuma yawancin kakanninmu ba su san ranar haihuwarsu ba. Sai dai a ce shekarar fara, ko shekarar da aka naɗa sarki wane. Da zamani ya zo da cike takardu, sai aka riƙa zuwa kotu ana rantsuwar shekaru, mutum ya zaɓi wata rana a rubuta masa, shi ya sa za ki ga tsofaffi da yawa duk ranar 1 ga Janairu aka ce an haife su. Takardar ta sami abin da take so, amma ba ita ta sa tsohon yake numfashi ba. Abin da kika yi a gaban kwamiti ke nan, kin yi wa sabuwar haihuwarki rantsuwar shekaru. Zan dawo kan wannan, domin akwai gyara a ciki. Amma ki fara gane cewa rashin takarda bai taɓa zama shaidar rashin rai ba.

To me ke mai da mutum Kirista? Kalmar kanta sau 3 kacal ta fito a Sabon Alkawari. A Antakiya aka fara kiran almajirai da ita (Ayyukan Manzanni 11:26), sarki Agaribas ya furta ta a gaban Bulus (26:28), Bitrus kuma ya ce wanda ya sha wuya saboda shi Kirista ne kada ya ji kunya (1 Bitrus 4:16). Ki lura da na farkon. Mutanen gari ne suka duba wasu mutane, suka ga ba su da zance sai na Almasihu, ba su da jagora sai shi, sai suka laƙaba musu sunansa. Almajirancin ya riga sunan zuwa. Kirista dai shi ne mutumin Almasihu, wanda ya jingina dukan nauyinsa a kansa. Bulus ya faɗa a taƙaice a Romawa 10:9: ka shaida da bakinka Yesu Ubangiji ne, ka gaskata a zuciyarka Allah ya tashe shi daga matattu, za ka sami ceto. A Afisawa 2:8 da 9 ya ƙara cewa ta wurin alheri ne, kyautar Allah ce, ba ladan aiki ba ce, don kada kowa ya yi fariya. Ki duba ayoyin nan da kyau ki gani ko akwai wurin da aka ce sai mutum ya iya faɗin rana da wata da shekara. Na yi shekaru ina karanta Littafi Mai Tsarki, ban ci karo da shi ba.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka san sa'arsu. Shawulu, wato Bulus, zai iya nuna miki hanyar Dimashƙu, ya ce da tsakar rana ne. Mai tsaron kurkukun Filibi zai ce da tsakar dare ne, bayan girgizar ƙasa. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu sa'o'i kaɗan ne gare shi duka duka, ba ajin baftisma, ba ruwa, ba Jibin Ubangiji, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Waɗannan shaidu ne masu daraja, kuma su muka fi ji a kan mumbari domin sun fi daɗin faɗa.

Amma ki tambayi kwamitin nan yaushe Bitrus ya zama Kirista, ki ga yadda za su rabu. Wani zai ce ranar da ɗan'uwansa Andarawas ya kawo shi wurin Yesu. Wani zai ce a'a, ranar da tarunsu suka cika da kifi ya faɗi a gaban Yesu yana cewa shi mai zunubi ne, ya bar jirgi ya bi shi. Wani zai ce sai a Kaisariya Filibi, inda ya shaida cewa Yesu ne Almasihu, Ɗan Allah Rayayye. To amma a sura ɗayan nan, Matiyu 16, 'yan ayoyi kaɗan a gaba, Yesu ya tsawata masa da kakkausar murya domin yana neman hana shi zuwa gicciye. Bayan haka mutumin nan ya yi musun sanin Ubangijinsa sau 3 a dare ɗaya, har da rantsuwa. Yesu ya riga ya gaya masa, a Luka 22:32, cewa ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, kuma in ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Ashe akwai bangaskiya tun kafin faɗuwar, akwai kuma juyowa bayanta. Sai ga safiyar bakin teku da aka tambaye shi sau 3 ko yana ƙaunar Yesu, sai ga ranar Fentikos. Wacce za a rubuta a takardar kwamiti? Littafin bai zaɓa mana ba. Abin da ya nuna mana shi ne hannun da ya riƙe Bitrus tun daga farko har ƙarshe.

Ɗan'uwanki na kusa a Littafi Mai Tsarki shi ne Timoti. Bulus ya ce bangaskiya marar riya da ke cikinsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5), kuma tun yana jariri ya san Littattafai Masu Tsarki (3:15). Ba a ba mu labarin hasken da ya kayar da shi ba, ba a ce ya taɓa yin wata mummunar rayuwa da ya baro ba. Duk da haka shi Bulus ya damƙa wa ikilisiyar Afisa. Kada ki raina irin wannan shaida. Iyayenki sun yi addu'a kada ki san ranar da ba ki san Yesu ba, Allah ya amsa, ke kuma kina jin kunyar amsar.

Yesu da kansa ya yi maganar yadda abin ke farawa. Ya gaya wa Nikodimu dole a sake haifar mutum, wannan ba ja da baya a kansa. Amma nan take ya kwatanta aikin Ruhu da iska: kana jin motsinta, ba ka san inda ta fito ba, ba ka san inda za ta ba (Yahaya 3:8). A Markus 4:26 zuwa 29 ya ba da misalin da duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai gane. Mutum ya watsa iri, ya kwanta, ya tashi, dare da rana, irin ya tsiro ya girma, shi bai san ta yaya ba. Manomi zai iya gaya miki ranar da ya yi shuka, da safiyar da ya ga gona ta yi kore. Sa'ar da ƙwayar gero ta fashe a cikin ƙasa kuwa, ba wanda ya tsaya a kanta. A nan nake tsayawa game da tambayarki ta "tun yaushe". A wurin Allah akwai lokacin da ya sani, domin shi ya yi aikin. A wurinmu, wasu an buɗe musu sun gani, wasu kuma sai tsiron suka tarar. Har makahon Betsaida ma ba a taɓawa ɗaya ya warke ba, da farko mutane yake gani kamar itatuwa suna tafiya, sai da Yesu ya sake ɗora masa hannu (Markus 8:22 zuwa 25).

Kada ki ɗauka kwamitin nan mugunta ce ta sa su tambaya. Akwai tarihi a bayan tambayar. Bishara ba ta daɗe a nan Arewa ba. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) na farko sun sauka Legas a 1893, na ƙungiyar SUM (Sudan United Mission) suka iso Wase a 1904, aka yi sujadar farko a Garkida a 1923, Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa kuma sai a 1932 ya fito. Masu bi na farko manya ne da suka baro wata hanya suka kama wata, irin mahaifina, don haka kowannensu yana da rana, kuma ranar ta ci masa wani abu. Irin shaidarsu ce ta zama ma'auni, har aka wayi gari ana auna jikokinsu da ita, alhali jikokin a cikin coci aka goya su. Kiran a fito gaba ma, yadda muke yinsa, bai tsufa ba in an kwatanta da shekarun ikilisiya. Mai wa'azin nan na Amurka, Charles Finney, yana cikin waɗanda suka yaɗa shi wajen 1830, lokacin da yake ware benci a gaba domin masu damuwa da ransu. Allah ya yi amfani da wannan hanya ya ceci mutane da yawa, ni shaida ce, na ga masu kuka na gaskiya a tarurrukan Sabon Rai Don Kowa. Amma ƙarni 18 ikilisiya ta yi tana haifar tsarkaka ba tare da ita ba. Hanya ce mai amfani, sai dai ba ita ce ƙofar ba.

Akwai kuma dalili mai kyau da ya sa dattawa suke tambaya, kuma ina so ki ji shi da kunnen basira. Ba a gadon ceto yadda ake gadon gona. Yahaya 1:12 da 13 ya ce waɗanda aka ba ikon zama 'ya'yan Allah ba ta jini aka haife su ba, ba kuma ta nufin mutum ba. Yahaya Maibaftisma ya gargaɗi masu taƙama da cewa Ibrahim ne ubansu. Saminu masihirci na Samariya an yi masa baftisma da ruwa sosai, amma Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba (Ayyukan Manzanni 8:21). A nan Arewa da zarar an ji sunan mutum da garinsu an riga an yanke masa addini, sai ya zama da sauƙi mutum ya tsufa a kan benci ɗaya, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, yana ba da zakka, bai taɓa tsayawa shi kaɗai a gaban Yesu ba. Wannan ne abin da dattawan ke tsoro, kuma tsoronsu yana kan hanya. Inda suka yi kuskure shi ne a ma'auni. Kwanan wata ba ya kama irin wannan mutum, domin mai fita gaba ma yana iya komawa gida yadda ya fito. Ke ma kin ga yadda ranar ƙirƙira ta wuce a gabansu ba wanda ya tsayar da ita.

Tambayar da ta fi amfani ita ce ta yau. Bulus ya ce ku gwada kanku ko kuna cikin bangaskiya (2 Korantiyawa 13:5), bai ce ku binciko ranar da kuka shiga ba. Don haka ki sami wuri shiru ki tambayi kanki. In yau aka ce ki tsaya a gaban Allah, da me za ki riƙe? Da sunan kakanki, da takardar tabbatarwa, da fitar da kika yi sau 4, ko da mutuwar Yesu da tashinsa? In kin yi zunubi, kina gudu daga wurinsa ne ko kina gudu zuwa wurinsa? In maganarsa ta ci karo da abin da ranki ke so, wa ke yin nasara a ƙarshe, ko da bayan kokawa ne? Kina ƙaunar 'yan'uwa masu bi, har da masu wuyar zama? Ban ce sai kin ci kowacce ɗari bisa ɗari ba. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya cewa ya yi ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa (Markus 9:24), Yesu kuma bai kore shi ba.

Ni ba na ganin zuciya, Allah kaɗai ke gani. Amma abin da na gani a wasiƙarki zan faɗa. Na ga yarinyar da ta ce ba ta tuna ranar da ba ta gaskata ba. Na ga wadda ƙarya ɗaya, wadda ba wanda ya kama ta a kai, ta hana ta barci. Gawa ba ta jin tsinin allura, 'yata. Wanda bai damu da Yesu ba, da ya sami abin da yake nema a wurin kwamiti sai ya shiga zaɓen ankon biki. Ke kuwa kin zauna kina rubuta wa tsohuwa wasiƙa da dare. A ganina wannan alamar rai ce.

Fitar nan sau 4 kuma, kada ki ƙara kallonta a matsayin jarrabawa 4 da kika faɗi. Kin taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano? Marini yakan tsoma zane a ramin baba, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane tsomi launin yana ƙara kamawa. Ba ya cewa na farko ya lalace don ya yi na biyu. Yarinya 'yar shekara 13 ta ba Yesu abin da ta sani na kanta a lokacin, 'yar shekara 22 ta ba shi abin da ta ƙara sani. Abin da nake so ki bari shi ne tsoron da ya riƙa tura ki, wai ko na baya bai karɓu ba. Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan (Yahaya 6:37). Karɓuwarki a kan amincinsa take, ba a kan yawan hawayenki ba.

Wannan damuwa ta kama manyan bayin Allah. John Wesley, wanda cocin Methodist ta samo asali daga hidimarsa, yana da rana har da sa'a: 24 ga Mayu 1738, da dare, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, inda ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi ya tabbata an gafarta masa. Amma kafin ranar ya yi shekara 10 yana limami, har ya je aikin mishan Amurka ya dawo. Da farko ya ɗauka shi ba mai tuba ba ne sam kafin lokacin. Da ya manyanta sai ya sassauta hukuncin da ya yi wa kansa, ya ce yana da bangaskiya a da, irin ta bawa, ba irin ta ɗa ba. Ki ga mai kwanan wata ma daga baya ya gane aikin Allah ya riga kwanan watan farawa. Wataƙila abin da kike nema a duk fitar nan shi ne tabbaci, kuma tabbaci daban yake da farkon bangaskiya, sau da yawa yakan zo a baya.

Yanzu maganar ƙarya. Ba zan shafa miki mai a baki ba, dole ki warware ta. Ƙarama ce a idon mutane, amma kin yi ta ne a kan aikin Allah a rayuwarki, kin ajiye abin da ya yi da gaske kin ƙera masa wani da kike ganin ya fi kyau. Kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Gobe za a ce ki ba da shaida a Zumuntar Mata, jibi 'yarki za ta tambaye ki, sai ki yi ta maimaita labarin da kin san ba haka yake ba. Ga shi tun yanzu an ɗora hukuncin baftisma a kansa. Ki fara roƙon gafarar Ubangiji, 1 Yahaya 1:9 naki ne. Sa'an nan ki gaya wa saurayinki, kafin kowa. Ki lura da yadda zai karɓa, domin za ki koyi abu mai yawa game da mutumin da za ki zauna da shi. Namijin da ya ji wannan ya riƙe hannunki ya ce mu je tare, ya cancanci a bi shi. In kuwa ya ce ki rufe bakinki kada a ɗaga biki, to akwai zancen da ya kamata ku yi tun kafin a kai ga ranar.

Baftisma kuma, a nan ikilisiyoyi suka rabu tun da daɗewa, kuma kowane ɓangare da Littafi a hannunsa. Katolika da Angilika da Lutheran suna yi wa jarirai. Suna duban gidajen da aka yi wa baftisma gaba ɗaya, kamar gidan Lidiya da na mai tsaron kurkuku a Ayyukan Manzanni 16, suna cewa alherin Allah ne ke riga mu, yaro kuma zai ɗauki alkawarin da bakinsa a tabbatarwa. A wurinsu baftisma ɗaya ce (Afisawa 4:5), ba a maimaita ta. Cocin ECWA da Baptist da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya) kuwa sai mutum ya shaida da bakinsa, domin tsarin da suke gani shi ne a tuba, a gaskata, sa'an nan a shiga ruwa. A Zurik tun daga 1525 an tsananta wa masu wannan ra'ayi har daga baya wasu suka rasa ransu, kuma mutum 8 da suka shiga kogin Eder a Jamus a 1708 su ne tushen cocin da ta haifi EYN. Ba wasa ba ne a wurin kowannensu. Ni kaina a rafi aka nutsar da ni ina da shekara 16, kuma har yau abin da na fahimta ke nan. Amma ban isa in ce mahaifinki ya yi wasan yara ba, ban kuma isa in ce Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama Bishop a 1864 ya kuma yi wa 'ya'yan masu bi baftisma a bakin Kwara, bai san Littafi ba.

Shawarata a nan ita ce kada ki shiga ruwa a kan ranar ƙarya, kada kuma ki shiga don a sa hannu a takardar aure. Ki zauna da limaminku, ki zauna da faston su saurayinki, ki ji hujjar kowa da Littafi a buɗe, ki ba abin makonni. In lamirinki ya gamsu cewa Ubangiji yana kiranki ki shaida shi a cikin ruwa da bakinki, ki yi, amma ki fara zuwa wurin Baba ki durƙusa ki gaya masa cewa ba rushe abin da suka yi kike yi ba, amfanin gonar da suka shuka ne. In kuwa kin gamsu cewa baftismarki ta farko ta tsaya, kuma kin riga kin amsa ta a tabbatarwa, ki faɗa wa kwamiti haka cikin ladabi, ki tambaya wace hanya tsarinsu ya tanada wa irinki. Yawanci ma a cocin amarya ake ɗaura aure, don haka ba dole ba ne a yanke wannan magana a guje saboda ranar biki. Amma ku yanke ta ku biyu kafin haihuwar fari, domin tambayar za ta dawo a kan jaririnku. Baba kuma ki yi haƙuri da zafinsa. Shi abin da ya ji shi ne an ce 'yarsa ba ta san Yesu ba sai a jami'a, bayan shekarun da ya yi yana tashinku addu'ar asuba. Ranar da kika gaya masa gaskiya, rabin fushin nan zai sauka.

In kin koma gaban kwamitin, ki nemi a ba ki minti 5, ki tafi da saurayinki, in da hali da wata dattijuwa da kika amince da ita. Ki ce musu, "Iyayena, ranar da na ba ku ba gaskiya ba ce, kunya ce ta sa, ku gafarce ni. Ban san ranar da na fara ba da gaskiya ba, domin tun ina ƙarama aka koya mini Yesu, ban kuwa taɓa barinsa ba ko da yake na sha tuntuɓe. Abin da na sani shi ne ya mutu domin zunubina, ya tashi, shi ne Ubangijina, ba ni da wani abin dogara sai shi." Daga nan ki yi shiru, ki bar su su yi tambayoyinsu. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare, ina sa ki a addu'a ke da Baba.